Kaya Sun Ƙare, Kuɗi Ba Su Shigo Ba: Nazarin Wata Sana'ar Garin Albasa a Tawa

Littafin da taubashina ya miƙo mini a zauren Gwaggo irin na 'yan makaranta ne, bangonsa duk ya sha maiƙo. A shafin farko ya rubuta da jan biro: roba 600. Daga ƙasa ya ja layi biyu, ya rubuta: saura babu.

"Ka gani da idonka, Yaya," in ji shi. "Kaya sun ƙare ƙaf. Kasuwa ta karɓe ni. Takunkumin nan ne kawai ya riƙe mini kuɗi."

A watan Oktoba na 2023 ne, lokacin takunkumin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar. Na zo Tawa daga Yamai gaisuwar rasuwa, sai ya tare ni da littafin, don ya san aikina ke nan, duba wa ƙananan 'yan kasuwa lissafi. Kwana biyu na yi niyya, sai da na yi shida. Ba zan kama sunansa ba, ko sunan da ya liƙa wa kayansa, ko na kantunan da ya yi hulɗa da su. Da wannan sharaɗi ya yarda in rubuta. Alƙaluman nasa ne, na dai zubar musu da 'yan kai don su yi sauƙin riƙewa.

Tunanin ba shi da laifi

Bari in fara da yi masa adalci, tun kafin wasan taubasantaka ya ɗebe ni. Yaron bai shiga sana'ar da ka ba. Kamar dubban 'yan Adar, wato yankin Tawa, ya yi shekaru yana ci-rani a Abijan, kuma a can ne ya ga garin albasa cikin kwalabe a manyan kantuna, an shigo da shi daga waje, da tsadar da ta sa ya riƙe baki. Shi kuwa ya san abin da ke faruwa a gida. Daga kwarin Tarka wajen Madawa, zuwa Galmi, Tsarnawa, Tamaske da Keita, albasa ce noman rani, ita ce ke cika manyan motocin da ke gangarawa Gana, Kodebuwa, Togo da Benin. Wajen Maris zuwa Mayu, idan kowa ya cire tasa, farashi kan faɗi warwas. Mai ƙarfi ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira, marar ƙarfi ya sallama ko nawa aka taya, don ya biya bashin taki da man injin ban-ruwa. Wanda ya jira ɗin ma ba ya tsira duka, zafi da laima suna cin rabonsu a cikin rudun. Daga tsakiyar damina zuwa ƙarshen shekara kuwa, sai albasar ta yi tsada har uwargida ta riƙa raba ɗaya gida biyu.

To, ga araha a bazara, ga rana kyauta mai busar da komai, ga tsada tana tafe. Kusan kashi tara cikin goma na nauyin albasa ruwa ne. In ka kore ruwan, ka rage nauyi, ka kuma kore ruɓa. Ya sayi manyan buhuna 10, matarsa da ƙannensa mata biyu suka yi makonni suna yanka suna shanya, aka kai injin niƙa, aka samu abin da ya cika roba 600 masu ɗaukar giram 200. Na shinshina, na ɗanɗana. Garin ya yi kyau ƙwarai, ba a ƙona shi ba, ba ƙasa a ciki.

Daga nan ne kuɗi suka fara fita ta inda bai kamata ba. Ya buga takardar liƙawa mai launi a Yamai, da Faransanci zalla. Ya sa aka yi masa katon allo na ƙarfe ya kafa a ƙofar gida. Bayan ƙaramar salla ya biya wani gidan rediyo a Tawa aka yi mako biyu ana shelar kayansa. Ya buɗe shafi a Facebook, ya biya don a yaɗa hotunan, ya kuma ba wani ɗan barkwanci kuɗi ya yi masa bidiyo. Mabiya suka haura 4,000. Ya ce a lokacin ko barci ba ya iya yi, sai ya farka tsakar dare yana duba adadin.

Bin sawun robobin

Na ce masa mu ajiye batun takunkumi tukuna, mu bi robobin ɗaya bayan ɗaya kamar masu bin sawun ɓataccen raƙumi.

Roba 400 ya loda ya kai Yamai a farkon Mayu, ya rarraba wa kantuna 14 a Filato, Yantala da kewayen Babbar Kasuwa, bisa sharaɗin a sayar a biya. Roba 120 sun tafi ta hanyar zumunci: surukai, abokan ci-rani, limamin unguwa, da masu cewa "bari in tafi da biyu, zan aiko." Roba 80 kaɗai ya sayar hannu da hannu, duk a Tawa. Daga kantunan Yamai, kuɗin roba 90 suka dawo. Wato cikin 600, guda 170 ne suka koma kuɗi.

Ba na musun takunkumin. CEDEAO ta ƙaƙaba shi ranar 30 ga Yuli, kwana huɗu bayan juyin mulkin 26 ga wata. Aka rufe iyaka da Najeriya da Benin, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, cirar kuɗi a banki ta zama aiki, kayan masarufi suka hau. Kowa ya ji a jikinsa. Amma kayan taubashina sun yi kusan wata uku a kantuna kafin wannan rana, kuma a wata ukun nan na zaman lafiya kuɗin roba 60 kacal suka shigo. Takunkumin a kwance ya tarar da marar lafiyar.

Da na koma Yamai na zagaya tara daga cikin kantunan, ba tare da na ce ni wane ne ba. A bakwai, sai da na durƙusa kafin in ga robobin, can ƙasan kanta, bayan gwangwanayen tumatir, sun sha ƙura. Ban ga laifin masu kantin ba. Madara da taliya da man da ke gabansu da kuɗinsu suka saro, su ne za su hana su barci in ba su fita ba. Kayan da aka kawo maka kyauta aka ce in Allah ya sa an saya ka biya, me zai sa ka ba su wurin ido? Abin da ya fi damuna shi ne na girgiza wasu robobin na ji shiru. Garin albasa yana jan laima, murfin kuma ba a liƙe yake ba, damina ta bi ta kansa ya dunƙule kamar dutse. Wani mai kanti ya ce tun Agusta wata mata ta dawo masa da tata, daga nan ya daina nuna wa kowa. Taubashina bai taɓa jin wannan labari ba. Yana Tawa, tafiyar kilomita wajen 550, abin da kawai yake tambaya a waya shi ne, "An sayar?" Su kuma su ce, "Ana nan ana yi."

Abin da Gwaggo ta sani

A daren da muka gama ƙirga, Gwaggo tana tsakar gida tana jin mu. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, ba ta taɓa riƙe biro ba. Sai muka ji muryarta ta bayan labule.

"Kai ɗan nan, lokacin da nake ɗora wa yayyenka talla, in yarinya ta dawo tire wayam, hannu wayam, ta ce mini kaya sun ƙare, me kake tsammanin zan yi mata?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, wannan ai zamanin da ne."

Ni ban yi dariya ba, don ta faɗi a jimla ɗaya abin da na yini ina kewaye-kewaye a kansa. Kada a fahimce ni a baibai: ba kira nake a mayar da yara mata ƙarƙashin tire ba, wurinsu makaranta, kuma yayyen nasa har yau suna jin haushin karatun da suka rasa. Amma a duba abin da kalmar talla ta ƙunsa a hannun mace irin Gwaggo. Kafin ta ɗora tire ta san gidan da aka yi baƙi, ta san lokacin da teloli da makanikai ke jin yunwa, ta san layin da wata ta riga ta kama. Tana ƙulla kayan daidai da kuɗin da ke hannun mutane, na dala 5, na dala 10. Da magariba yarinya ta dawo da abu uku: kuɗi, ragowar kaya, da labari. Wance ta ce gishiri ya yi yawa. Wane ya koma saye wurin wance, don tana yi masa gyara. Washegari a rage gishiri, a ƙara gyara. Ɗaga murya a titi a ce "a sayi ƙuli" shi ne mafi ƙanƙantar aikin.

Mu kuma da muka shiga zamani sai muka ɗauki ɗaga muryar kaɗai muka ba ta sunan duka. Rediyo, allo, bidiyo, duk ihun ne. Abin da 'yan boko ke kira marketin, in ka fere shi, sauran aikin Gwaggo ne: wa zai saya, yaushe, a wane ƙulli, nawa, ta wace hanya zai kai gare shi, kuma me ya ce bayan ya ci. Taubashina ya kashe kuɗi a kan ihu, bai kashe ko yini ɗaya a kan waɗannan tambayoyi ba.

Na tambaye shi, "Wane ne mai sayenka?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa. "Haba Yaya, akwai gidan da ba a cin albasa?"

Wannan amsa ita ce uwar ɓarnar, kuma na sha jin 'yan'uwanta a bakin masu sabulu, masu ruwan leda, masu ɗinki. Gaskiya ne kowa na cin albasa. Amma ɗauki uwargida a Tawa cikin watan Mayu: da dala 20 za ta cika kwano da ɗanya, me zai kai ta ga roba ta jika 1 da rabi, wato dala 300? Ya buɗe kasuwarsa daidai lokacin da ba wanda ke kewar albasa. Ko da tsada ta zo, tana da gabu, busasshen ganyen albasa, wanda kakanninta suka san shi, ana ƙulla mata na kuɗin da take da shi. Shi da yake cewa ba shi da abokin takara a duk jihar, ashe abokan takararsa suna zaune jere a kasuwar Lahadi da kwandunansu. Kuɗin cefane kullum-kullum suke zuwa, shi ya sa manyan kamfanonin magi da madarar gari suke sayar da dunƙule ɗaya, leda ɗaya. Ba don sun rasa manyan gwangwanaye ba ne. Ma'aikaciyar Yamai kuwa, wadda za ta iya fitar da jika 1 da rabi ba ta ji ba, tana ganin robarsa kusa da kwalbar waje mai liƙaƙƙen murfi, ba ta san shi ba, ba wanda ya ɗanɗana mata.

Sai kuma abin da ya ba mu dariya mu duka, har Gwaggo. Shelar rediyo a Tawa aka yi ta, kaya kuwa kashi biyu cikin uku suna Yamai. Takardar jikin robar da Faransanci, alhali mafi yawan masu dafa abinci a ƙasar nan ba shi suke karantawa ba. Mabiyan Facebook da muka duba, akasarinsu suna Abijan, Libiya, Aljeriya, Kano, wasu har Faransa. Suna ta yabo, suna "Allah ya sa albarka," amma ko sun so saye ba ta inda za su saya.

Ragi

Wajen farkon Yuli, da ya ga shiru, sai ya yi abin da kusan kowa ke yi: ya kira kantunan ya ce a mayar da roba jika 1, wato sefa 1,000. A lissafinsa har yanzu da riba, don albasa da roba sun tashi masa sefa 600. Muka sake lissafin tare, muka sa takardar liƙawa, niƙa, kuɗin mota, abin da ya lalace a shanya, kuɗin talla, da ladan matan da suka yi aikin. Nan ya yi tsalle. "Matata ce fa, da ƙannena!" Na ce ranar da ƙannen suka tafi gidan miji, ita kuma ta ce idonta ya gaji da yaji, wa zai yanka maka buhu 10 don Allah da Annabi? Da aka haɗa komai, roba ɗaya ta tashi wajen sefa 1,100, ba a ma cire ladan mai kanti ba. Ke nan da ragin ya yi aiki, da kowace roba da ta fita sai ta tafi da wani yanki na jarinsa.

Bai ma yi aikin ba. Matsalar ba tsada ba ce, don haka araha ba ta warkar da ita ba. Wani mai kanti ya gaya mini cewa da aka goge tsohon farashi aka rubuta sabo, sai masu saye suka fara juya robar suna neman ko kwananta ya ƙare.

Roba tamanin

Mafi amfanin shafi a littafin shi ne wanda bai ɗauke shi a bakin komai ba. Allah ya taimake shi, duk wanda ya saya da kuɗi a hannu yakan rubuta laƙabinsa a gefe. Da muka jera su sai muka ga fiye da roba 50 cikin 80 mutum shida ne suka saye su, suna dawowa suna dawowa: wani mai tsire a bakin tasha, wata Hajiya mai girkin biki da suna, wani ɗan kamasho, da mata uku da mazansu ke ci-rani. Na ce gobe ba inda za mu sai wurinsu, zuwa da kai ya fi aike.

Ya so ya noƙe. Ya ce shi ba shi da baki, dama tunaninsa ya ɗauki wani yaro mai zaƙin harshe ya riƙa zagaya masa. Wannan ma wani tsohon kuskure ne, ɗaukar cewa ciniki aikin mai surutu ne. Na tuna masa da wani Alhaji dillalin albasa a Tsarnawa da mu duka muka sani, mutumin da sai ka yini tare da shi bai yi magana goma ba, amma fataken Kumasi suna aiko masa kuɗin mota guda ba su ga kaya ba. Dalili ɗaya ne: ƙasan buhunsa kamar samansa yake. Na ce ba surutu za mu je yi ba, tambaya za mu yi, mu yi shiru.

Mai tsire bai ɓata lokaci ba. "Malam, ni robar nan ba ta dame ni ba, yara nake ba su yi wasa. Ka kawo mini a kilo, ka rage mini kuɗin robar." A cikin yajinsa yake haɗawa, don garin ba ya jiƙa ƙuli, ga shi a watan da muke ciki ɗanyar albasa ta yi wuta. Hajiya mai girki ta ce ita ba don tsada ba ne. In za ta dafa wa taron ɗaruruwa, sai ta zaunar da 'yan aiki rabin yini suna ɓare albasa suna hawaye. Da garin take jiƙa nama tun dare, ɗanyar kuma ta bar wa miya. "Amma ɗana," in ji ta, "na bayan nan ya dunƙule, sai da na sa a turmi." Ɗan kamasho kuwa ba ya ko ci. Matafiya yake sayar wa, masu haurawa Agadas da Arlit, da masu wucewa wuraren haƙar zinari a arewa, inda ɗanyar albasa ba ta kai labari. Ba nauyi, ba ruɓa. Matan uku kuma saƙo suke haɗa wa mazansu duk lokacin da aka samu mai tafiya, tare da kilishi da yaji.

Cikin shidan nan ba wanda ya ji shelar rediyo, ba wanda ya ga bidiyon. Mai tsire ƙanshi ya ji a gidan maƙwabcinsa ya tambaya. Hajiya kuwa a wurin wani suna ta ci karo da ɗaya daga robobin kyautar nan 120. Ita kaɗai ce kyautar da ta faɗa hannun da ya dace, kuma da gangan ba a yi ba.

Muna dawowa a kan babur ya yi shiru har muka kusa gida, sannan ya ce, "Yaya, ashe kasuwata tana nan bakin tasha, ni ina can Filato ina nemanta."

Abin da aka canza

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, kafin sabuwar albasa ta fito. A bazarar ya sayi buhu 8 maimakon 10. Ya shanya, ya niƙa, amma bai fito da ko leda ɗaya ba sai Agusta, in ban da na mutanensa shida. Ya sayi ƙaramin injin liƙe bakin leda, ya koma amfani da leda mai kauri, dunƙulewa ta ƙare. Ya yi na kilo ɗaya don masu sana'a, ya yi na giram 100 don matafiya. Ya roƙi mai tsire ya haɗa shi da 'yan'uwansa mahauta da masu kilishi, Hajiya kuma da abokan girkinta, kowannensu ya kai masa ɗanɗano da hannunsa, ya koma bayan mako ya ji sakamako. Ranar Asabar ta zama ranar zagaye. Bashi bai hana gaba ɗaya ba, don a garin nan wanda ya ce ba ya ba da bashi ya ce ba ya son mutane, amma ya yi masa ƙa'ida: a biya na wancan mako, a karɓi na wannan. Kantunan Yamai daga 14 suka koma 2, waɗanda suka yarda su ba da rabin kuɗi tun farko. Yana sa musu kwali a motar safe, su turo kuɗi ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana. Kuma da yake yanzu kuɗinsu na ciki, ledojin sun hau kanta ta sama.

Daga tsofaffin robobin, wajen 200 na kwaso masa, rabi sun zama dutse. Kantuna uku har yau ba su biya ba, ɗaya ma ya rufe.

Inda ni na yi kuskure

Wuri biyu. Na farko, da na ɗauki darasin Gwaggo da zafi, na matsa masa ya yi ƙananan ƙulli na dala 10 ya ba masu tebur da matan unguwa. Wata biyu aka yi aka daina. Leda da aikin ƙullawa sun cinye ribar, matan kuma suka ce ɗanɗanon gabu daban ne, an soya shi, shi bakinsu ya saba da shi. Na san ka'idar, ban tambayi masu miyar ba. Laifin da nake tuhumarsa da shi, shi na aikata.

Na biyu, na ce ya rufe shafin Facebook, ɓata lokaci ne. Ya ƙi, da taurin kai irin na taubashi, kuma shi ke da gaskiya. Laifin ba na dandalin ba ne, ba na mabiyan ba ne. Hanya ce babu tsakanin yabonsu da kayan. Sai ya daina sa hotunan roba da Faransanci. Ya koma yin gajeren bidiyo da bakinsa, da Hausarsa ta Adar ba gyara, yana cewa akwai mai tafiya Abijan ran kaza, duk mai son garin albasar gida ya yi magana ta WhatsApp kafin ran kaza. Saƙon murya suke turowa, ba rubutu ba. Wasu su turo kuɗi kai tsaye, wasu su ce a karɓa wurin iyalinsu. Mutanen nan da na raina, waɗanda na ce 'yan kallo ne, yanzu su ne kashi mafi riba a cinikinsa, don ɗan Adar da ke Abijan ba ya tayi a kan abin da ke masa ƙanshin gida. Da a ce ya bi shawarata, da ya toshe wannan ƙofa da hannunsa.

Inda aka tsaya

Kayan 2024 sun ƙare kafin ƙarshen Disamba, kuma wannan karon shafin kuɗi ya kusa daidai da shafin kaya. Ya biya matarsa da ƙannensa ladansu, abin da ya jawo masa tsiya a gidan har yau, don sun ce sai ya biya na bara. Ribar ba ta kai ta cike ramin shekarar farko ba. Ban kuma ce ya tsira ba. Cinikinsa na cikin gari ya rataya a wuyan mutane ƙalilan, in biyu suka juya baya zai ji a jikinsa. Shanya albasa ba sirri ba ne, tuni wata maƙwabciyar Hajiya ta fara nata, tana sayarwa ƙasa da shi. Manyan kantuna kuma ba za su buɗe masa ƙofa da gaske ba sai ya samo takardar shaidar ingancin kaya daga hukuma, abin da yake ta ɗagawa daga wannan wata zuwa wancan. Kwanan baya ma ya kira ni wai wani mawaƙi mai mabiya da yawa a TikTok ya yi masa tayin waƙa. Na ce ya ɗauko littafi ya karanto mini sunan mutum ɗaya a ciki da waƙar za ta ƙara wa oda. Ya ce zan kashe masa daɗi, ya katse wayar. Ban tabbata ya haƙura ba.

Katon allon ƙarfen nan da ya kafa a ƙofar gida, iskar farkon damina ta kayar da shi, bai sake tayar da shi ba. Da na je Tawa babbar sallar da ta wuce na tarar da shi a tsakar gida, an ɗora a kan duwatsu huɗu, rubutun na kallon ƙasa, Gwaggo ta baza kuɓewa a kai. Ta ce ƙarfen yana ɗaukar rana da kyau.